Na Kyautar da Jitar Mahaifina Don In Nuna Na Saki Duniya

Mama mai wannan fili, ki agaza mini. Ni matashi ne da ya kammala digirin falsafa da sakamako mai daraja, amma yau ko ido ba na iya haɗawa da mahaifiyata.

A jami'a na nutse cikin rubuce-rubucen waliyyan ikilisiya na dā, masu koyar da cewa sai zuciya ta wofinta daga son abin duniya kafin Almasihu ya sami masauki a cikinta. Na rungumi addu'ar shiru, ina zama ina lura da kai-komon tunanina. Da aka ba ni damar jawabi a zumuntar matasan cocinmu, na yi bayani mai zurfi kan 'yantuwar ruhu, sannan, domin in kafa hujja a aikace, na miƙa wa wani tela da ke ƙungiyar mawaƙa jitar marigayi mahaifina. Aka yi ta tafi.

Ban shawarci mahaifiyata ba. Tun daga nan, kullum in tana share falo takan goge ƙusar da a dā jitar ke rataye a kai.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, duk Lahadi in telan ya kaɗa ta, ƙyashi ne ke cin raina. In na rufe ido domin addu'ar shiru, ba abin da nake gani sai yatsunsa. Shin in roƙa a mayar mini, in zama abin dariya, ko in sauya coci?

Naki,
Mai Neman Shiru

Ɗana, kada ka sauya coci. Duk inda ka je da wannan zuciyar za ka tafi.

Niyyarka ba ta banza ba ce, kuma addu'ar shirun ta yi aikinta, tunda ta nuna maka ƙyashin da ba ka san kana da shi ba. Kada ka tsorata da shi. Ka kai shi gaban Ubangiji yadda yake, ba tare da manyan kalmomi ba.

Sai dai jita ka saki, yabo kuwa ka riƙe gam. Kuma jitar ba taka ce kai kaɗai ba. Muryar mijinta mahaifiyarka take ji a cikinta. Shi ma telan ba shi da laifi, kyauta aka ba shi a bainar jama'a, kada a kunyata shi.

Ka fara durƙusa wa mahaifiyarka, ka nemi gafara, ka tambayi abin da take so. In ta ce a bar masa, ka bari har cikin zuciya. In tana so ta dawo, ka sami telan a shagonsa, ku biyu, ka faɗa masa gaskiya. Za a yi maka dariya, ƙila har a zumunta. Sunan nan na wanda ya saki duniya, shi ne ya kamata ka saki tun farko.

Ubangiji ya ba ka salama, ya sanyaya zuciyar mahaifiyarka.