Ƙafar Birki

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da yara. Tunda kin daina ɗaga wayata, wai masifa nake miki, ga takarda.

An cire mini filasta. Likita ya ce dunduniyar ta haɗu, ƙarafan da suka sa a idon sawu ma sun zauna. Amma Yaya, ƙafar nan ba tawa ba ce. Ta sandare kamar itace, da yamma kuma ta kumbura har silifa ba ya shiga. A wajen gashin ƙashi, tawul ake shimfiɗa mini a ƙasa a ce in tattaro shi da yatsun ƙafa. Ni da nake tuƙa motar makaranta cike da yara, yau tawul ke kayar da ni.

Duk a kan gyaran kwanon rufi ɗaya da ke yoyo na faɗo daga tsani. Tsanin ma yana nan jingine a tsakar gida, ko kwarzane bai yi ba.

Makaranta sun ce za su riƙe mini motar har a dawo hutu. Matata kuwa ta ɓoye makullin ƙaramar motata. Ki yi mata magana, ke take jin maganarki. Ta yaya zan san na warke in ban gwada ba?

Ƙaninki.

*

Ƙanena,

Na ga takardarka, muna lafiya. Allah ya ƙara sauƙi.

Ni na ce ta ɓoye. Ƙafar dama ce ka karya, ƙafar birki. Ranar da ka iya tsayawa a kanta ita kaɗai ba ka dafa bango ba, ka sake rubuto mini. Tun kana yaro haka kake, ba ka bari ciwo ya bushe sai ka ɓare shi. An kuma gaya mini kana tsallake ranakun gashi. Ka koma, ka bar yi wa matarka baiwar Allah tsawa.

Yayarka.

*

Yaya,

Ina gaishe ki da girmamawa, ya gida ya aiki? Ki gafarce ni, ba labari mai daɗi na kawo ba.

Ƙaninki ya gano makullin a cikin gwangwanin allura. Na fita kasuwa, ya ja sandunansa ya shiga mota. Maƙwabcinmu mai walda ya ce ya tafi lafiya har ƙarshen layi, ya juyo. Da ya iso ƙofar gida sai ga 'yar mai walda ta fito da kekenta. Ya taka birki, ƙafar ta ƙi danna shi. Sai ya karkatar da sitiyari ya daki katangarmu.

Yarinyar ko ƙura ba ta taɓa ta ba. Shi ma bai ji rauni ba, sai fitila ɗaya da ta fashe. Na dawo na tarar da shi zaune a ciki, ya riƙe sitiyari. Na ce, "Fito mana." Ya ce, "Na taka, wallahi na taka."

Tun ranar ba ya faɗa, ba ya cin abincin kirki. Ni faɗan ma na fi so. Na gaji, Yaya. In ɗebo ruwan zafi, in matsa ƙafa, in sha harara. Don Allah ki rubuto masa, amma ki sassauta.

Taki, matar ƙaninki.

*

Ƙanena,

Gaisuwa. Na ji abin da ya faru, ba zan yi maka faɗa ba, ka riga ka yi wa kanka. Tambaya ɗaya ce: an kusa dawowa hutu, me za ka gaya wa shugaban makaranta? In kana so ni in kira shi, zan kira.

Ka ci abinci.

Yayarka.

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Ba sai kin kira ba, na je da kaina. Na ce su ba wani motar. Shugaban ya tambaye ni yaushe zan dawo, na ce ya tambayi ƙafar.

Na koma gashi. Mai yi mini gashin ta ce sawun ya ɗan fara lanƙwasuwa. Ni dai ban ga komai ba, sai zafi. Na tambaye ta ko zan sake tuƙi, ta ce mu ci gaba tukuna.

Sabon direban ta layinmu yake bi kowace safiya. Yara na hango ni a bakin ƙofa, sai su leƙo ta taga suna kiran "Baba Direba". Na roƙe shi ya sauya hanya, ya ce ita ce mafi kusa. Matata ta ce to in daina zama a ƙofar mana.

Ban daina ba.

Ki gaida yara.

Ƙaninki.