Akwai Mai Kuka?

Litinin, 3 ga Maris

Bayan faretin safe wata kofur ta sashen sadarwa ta zo ƙofar ofishina ta ƙame. Doguwar nan mai tabo a haɓa. Wai Manjo, mataimakin kwamanda, duk sanda ta kai masa saƙo sai ya murza makullin ƙofa. Da farko maganganun banza ne, ranar Juma'a kuwa ya kai hannu, har maɓallin rigarta ya tsinke kafin ta ƙwace.

Na tsufa a samanja, babu irin ƙaryar da ban ji ba. Kowa ya san za a tura wasu bakin iyaka, kuma da lokacin ya matso ciwon baya da rasuwar kaka sukan yi yawa a barikin nan. Na tambaye ta kai tsaye ko tafiyar take gudu. Ta ce, "Baba Samanja, ni na roƙa a sa ni cikin masu tafiya. Shi ya hana."

Na ce ta koma bakin aiki. Ban yarda da ita ba, ban kuma ji daɗin amsar ba.

Laraba, 5 ga Maris

Na bugi cikin sajan sashensu ba tare da na gaya masa dalili ba. Gaskiya ne, ta roƙa, Manjo ya hana.

Sannan wani abu da na daɗe ina gani. Matan sashen sadarwa ba sa zuwa ofishin Manjo sai su biyu, ɗaya ta shiga, ɗaya ta tsaya a bakin ƙofa tana gyara igiyar takalmi. Sau nawa na daka musu tsawa, ina cewa gulma da lalaci ke sa su yawo kamar tagwaye. Ranar Juma'ar da abin ya faru abokiyar tafiyar tata tana asibiti.

Juma'a, 7 ga Maris

Na kai wa Kanar, kwamandanmu, maganar, kamar yadda doka ta ce. Ya saurare ni yana juya cokali a kofin shayi. Na zaci zai tambaya ko gaskiya ne, ko yarinyar ta ji rauni. Abin da ya fara fitowa bakinsa shi ne, "Wa da wa suka sani?"

Ya ce in bar masa komai. Ya raka ni har ƙofa, ya dafa kafaɗata, ya ce faretin ban kwanan da za su yi mini in na ajiye kaki sai an daɗe ana labarinsa. Ni ban tayar da zancen ritaya ba, shi ya kawo shi. Ana rade-radin ƙarin girmansa na hanya, kuma shi da Manjo tare suka yi makarantar hafsoshi.

Faretin nan kuwa ina so, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Na tsara wa mutane da yawa nasu, ina tsaye a rana ina jiran nawa.

Talata, 11 ga Maris

Manjo ya riga ni gaisuwa yau, har da tambayar iyali. Tun da ya zo barikin nan bai taɓa sanin ina da iyali ba.

Laraba, 12 ga Maris

Umarni ya zo. Gobe in shigar da kofur gaban Kanar, ba hula ba bel.

Sai da na sa aka maimaita mini. A aikinmu mai laifi kaɗai ake cire wa hula da bel kafin a tura shi gaban kwamanda, ko kurtun jiya ya san haka. Laifinta wai ta tsallake shugabanta ta kawo ƙara wurina, kuma ta bar bakin aiki ranar Juma'ar ba da izini ba. Shugaban da ta tsallake shi ne Manjo. Bakin aikin da ta bari ofishinsa ne, a guje.

Maman yara ta ce me ya sa nake ta wasa da abinci. Na ce gishiri ne ya yi yawa. Ta ɗanɗana, ta kalle ni, ta ɗauke kwanon.

Alhamis, 13 ga Maris

Na yi. Ni na miƙa hannu, ita ta cire hular ta ɗora mini, ta kwance bel. Na ba da umarni da muryar da na saba, hagu dama, hagu dama, tsaya.

Manjo na zaune a kujerar gefen Kanar, ƙafa ɗaya kan ɗaya, hularsa a kansa. Ba a tambaye shi komai ba. Da ta fara magana Kanar ya ɗaga hannu ya ce ba wannan ya tara mu ba. An cire mata igiya ɗaya ta muƙami, an mayar da ita gadin babbar ƙofa.

A waje na miƙa mata kayanta. Ta ce, "Na gode, Baba Samanja." Na yi ta juya godiyar nan ina neman habaici a ciki, ban samu ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Kunya ce ta kama ni, ba wani abu ba.

Lahadi, 16 ga Maris

Yanzu ko inuwata ban yarda da ita ba. Direban Kanar ya zo gaishe ni gida, abin da bai taɓa yi ba, yana ta leƙen wa ke shiga wa ke fita. Matan sadarwa in sun hango ni sai su canza hanya.

Maman yara ta sayo yadin da za ta sa ranar faretina, ita da 'yan matanta iri ɗaya. Ta shimfiɗa shi kan gado tana tambayata ko ya yi. Na ce ya yi.

Alhamis, 20 ga Maris

Janar daga hedikwata ya zo duba bariki. An share, an yi fenti har da duwatsun bakin hanya. A ƙarshen fareti babban baƙo kan tsaya gaban samanja ya tambaya, "Akwai mai kuka cikin sojojinka?" Samanja kuma ya sara ya ce, "Babu, ranka ya daɗe." Ba tambaya ba ce ta gaske, yana yi ne ƙafarsa ta riga ta juya wajen mota. Na amsa ta fiye da yadda zan iya tunawa.

Yau na ce, "Akwai, ranka ya daɗe."

Sai da ya yi taku ya dawo. Ya ce wane ne. Na ce wadda ta sara masa a babbar ƙofa da safe, kuma ni aka kawo wa kukan, na kai sama, sai ita aka hukunta. Ban kalli Kanar ba, amma ina jin numfashinsa a gefena.

Janar ya ce zai turo masu bincike. Shi ma ban san cikinsa ba. Manya ba sa son a taɓa manya.

Asabar, 22 ga Maris

Kanar ya kira ni ofis, bai ce in zauna ba. Ya ce, "Samanja, har yanzu kana iya cewa rana ce ta buge ka." Ya ce in na tsaya gaban masu bincike ranar Litinin ba Manjo kaɗai zan ja ba, har shi, har ni da na karɓi hular. Na ce na sani, ranka ya daɗe. Bai sake ambaton fareti ba.

Ba don yarinyar na yi ba. Ko sunan garinsu ban sani ba. Tsarin aiki ne kawai aka ɓata, ni kuma ba na son ɓarna.

Na biya ta babbar ƙofa da rana, don kawai in duba gadi. Na ce mata Litinin ta goge takalmi sosai, kuma ta taho da abokiyar tafiyarta, ita ma akwai abin da ta gani a wasu ranakun. Ta ce sauran ma suna so su zo. Ban tambayi ko su nawa ba ne.

Maman yara za ta kai yadi wurin tela gobe. Na ce ta dakata tukuna. Ta ce lafiya? Na ce telan ne ban yarda da shi ba.