Maigari Bai Taɓa Cizon Kowa Ba

Talata, 9 ga Yuli, 2024

Alhamdu lillahi! Ɗiyata Suwaiba ta sauka lafiya da hantsi, can Shagari. Mace. Shekara goma sha ɗaya da aure, sai yau Allah ya yi. Ni Mu'azu, da furfurata, yau na zama kaka. Ina gona mijinta Bashar ya bugo waya, na jefar da fartanya, har yanzu ban san inda ta faɗi ba.

Littafin nan tun da na gama ajin yaƙi da jahilci nake ajiye da shi, ranar shuka da ranar ruwa kawai nake sawa. Yau ya samu abin rubutawa.

Na faɗa wa matata Balaraba, ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Sannan na zagaya bayan rumbu na faɗa wa Maigari, damon da nake kiwo. Ya zaro harshe sau biyu. Na ɗauka barka ce.

Laraba, 10 ga Yuli

Mun je Shagari. Na ga amaryata. Hancina ne sak, duk wanda ya ce na dangin uba ne son kai ne.

Da Bashar ya rako ni bakin titi sai ya durƙusa. Ya ce bayan suna mai jego za ta zo gida Bodinga wankan arba'in, kamar yadda aka saba. "Sai dai Baba, wanga damo da ke yawo tsakar gida..." Wai a rufe shi ko a kai shi daji. Wai bakinsa da ƙazanta, kashinsa ma yana sa jariri gudawa da zazzaɓi, duk wanda ya taɓa shi sai ya wanke hannu da sabulu.

Na ce masa za a duba. Ba na musu da suruki a bakin titi. Amma a nan zan rubuta: ba inda Maigari za shi. Shekara tara yana gidana. A garkar albasa na tsince shi, bai fi tsawon tafin hannuna ba. Tun zuwansa kunama ba ta sake harbin kowa a gidan nan ba, shi ke cinye su. Wanne ma'aikacin asibiti ne ya taɓa yi mini wannan? Maigari bai taɓa cizon kowa ba.

Asabar, 13 ga Yuli

Balaraba ta shiga layin surukinta. Ta ce, "Malam, ƙadangare ya hi maka jika?" Na ce ba ƙadangare ba ne. Ta ce to kawunsa ne.

Talata, 16 ga Yuli

An raɗa suna. Nusaiba. Na rubuta shi sau uku a bayan littafin nan don in ga yadda yake zama a takarda. Yana da kyau.

Gobe za a kawo su.

Laraba, 17 ga Yuli

Da hagu nake rubutu. Gobe.

Alhamis, 18 ga Yuli

Ga abin da ya faru, kuma ba laifinsa ba ne.

Jiya da safe aka aiko mana rabonmu na naman suna. Ni na yanyanka shi, maiƙo har wuyan hannu. Sai na ce ai Maigari ma ɗan gida ne, a ce an yi suna bai ɗanɗana ba? Na yanki hanta na zagaya. Kullum a kan kasko nake zuba masa gyare da ƙwai, amma jiya murna ta sa na miƙa masa da hannu. Ya ɗago kai, harshen nan yana fita da sauri da sauri, ba irin na gaisuwa ba. Ya cafke hantar, ya haɗa da yatsuna biyu. Hannun da hantar duk ƙamshi ɗaya, ina zai bambance?

Ya riƙe bai saki ba. Ni kuma na fizge, nan ne fatar ta yage. Sai da Balaraba ta kwara masa ruwan randa a ka ya buɗe baki.

Na barbaɗa garin bagaruwa na ɗaure da tsumma. Na sa Balaraba ta yi alkawari ba za ta faɗa ba. Na zura babbar riga na ɓoye hannun.

Da la'asar suka iso. Suwaiba ta miƙo mini jaririyar tana dariya, "Baba, ga amaryarka ta tare." Jini yana tsattsafowa cikin hannun riga. Na ce amarya ba ta zuwa hannu sake, sai ta kawo gara tukuna. Aka yi dariya. Suwaiba ba ta yi ba. Ta mayar da 'yarta kafaɗa ta shige ɗaki.

Shekara goma sha ɗaya ina jiran a miƙo mini.

Juma'a, 19 ga Yuli

Ya kumbura. Yana bugawa kamar ganga. Ba komai, ƙaya ma tana yin haka.

Maigari yana yawonsa tsakar gida. Bashar ya koma Shagari tun shekaranjiya bai gan shi ba, yana cikin raminsa lokacin.

Asabar, 20 ga Yuli

Zazzaɓi. Ban fita gona ba. Na ji Suwaiba tana tambayar uwarta ko wani laifi ta yi mini.

Lahadi, 21 ga Yuli

An kama ni, a wurin alwala. Bashar ya zo duba iyalinsa, muka fito sallar azahar, ya ga ina fama da buta da hannu ɗaya. Ya jira sai da aka sallame. A zaure ya ce, "Baba, a yi haƙuri, in ga hannun." Na ce ƙusa ce. Ya kwance tsumman, ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Wagga ƙusa tana da haƙora jere."

Ya wanke da sabulu da ruwa mai yawa, ya kankare bagaruwar duka. Ban yi ƙara ba, a rubuta wannan. Ya ɗauke ni a babur zuwa asibiti, aka yi mini allurar rigakafin sarƙewar haƙora, aka ba ni ƙwayoyi na kwana bakwai. Wai da na ƙara kwana biyu da sai an yi maganar yatsa. A hanya yana ta bayani ta kafaɗa: ba a ba irinsu abinci da hannu, ba a matsa musu da ƙamshin nama a jiki, in sun kama ba a fizgewa. Kamar ban gane wannan da kaina ba tun Laraba.

Da zai tafi ya sake durƙusawa. Ya ce Lahadi mai zuwa zai zo da mota. In damo yana sake a gida, mai jego za ta ƙarasa wankanta wurin mahaifiyarsa a Shagari. Da ladabi ya faɗa, shi ya fi ciwo.

Ya zo da tirela ma in ya so. Gidana ne.

Talata, 23 ga Yuli

Kumburi ya fara sauka. Bagaruwar ce ta soma aiki a makare.

Suwaiba ta kawo mini kunu da kanta. Ta ce, "Ashe shi ya sa, Baba. Ni ina can ina kuka." Ba ta yi maganar Maigari ba. Da ta yi, da na samu abin cewa.

Alhamis, 25 ga Yuli

Zan rubuta wannan, ba wanda zai karanta.

Da hantsi Suwaiba ta gama wanka ta zauna a tabarma gindin darbejiya tana cin gasasshen naman jego. Nusaiba na kwance gefenta. Tana ci tana wasa da ƙafar yarinyar, da hannun nan mai maiƙo. Balaraba ta kira ta ta karɓi kunun kanwa, ta tashi, taku goma ne zuwa madafa.

Ina zaune bakin zaure. Sai ga Maigari ya fito daga bayan rumbu. Ya ɗago kai. Harshen nan, da sauri da sauri. Na san shi. Ya nufi tabarma.

Wataƙila kwanon naman yake so. Kusan tabbas kwanon ne. Amma ƙafar tana kusa da kwanon, kuma duk ƙafar ba ta kai yatsuna biyun nan ba.

Ban san lokacin da na tashi ba. Na yaye buhun da ke kan turmi na jefa masa a ka, na danne wuyansa da hagu, na matse bindin a hammata. Ya yi huci, ya zabga mini bulala a haƙarƙari. Shekara tara bai taɓa yi mini huci ba. Na kife shi da tsohuwar randa na ɗora dutse.

Suwaiba ta fito ta ce mi ya faru. Na ce ba komai, motsa jiki nake.

Juma'a, 26 ga Yuli

Na kai bulo garka, hanyar Sifawa. Na daɗe da lura gidan nan ya yi wa Maigari ƙunci, ga hayaƙin ruwan wanka kullum yana damunsa. Can akwai danshi, akwai gyare da dodon koɗi. Tun bara nake da wannan niyya.

Asabar, 27 ga Yuli

An gama. Gini har ƙugu, raga a sama, ƙofa da sakata, rami a inuwa da kaskon ruwa. A cikin buhu na kai shi. Da na sake shi bai dube ni ba.

Na biya maƙera, Umar ya ƙera mini awartaki mai dogon hannu. Ya ce me zan yi da shi, na ce ba da abinci ga manya.

Lahadi, 28 ga Yuli

Da safe na je garka na miƙa masa ƙwai da awartaki. Ya karɓa. Na dawo na wanke hannu da sabulu har gwiwa, don ƙasar garka tana da kama jiki, ba don wani ya ce ba.

Sannan na ce wa Suwaiba na yafe garar, a kawo mini amaryata. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta damƙe ɗan yatsana na hagu tana ja zuwa baki. Na ba uwarta, na je na sake wankewa, na dawo na karɓe ta.

Na kashe kunama a zaure da takalmi. Aikin ya dawo kaina ke nan.

Bashar ya zo da motarsa bayan azahar. Ya gaishe ni, idonsa yana bayan rumbu. Bai tambaya ba, ban faɗa ba. Ya ci tuwo ya koma shi kaɗai.

Saura kwana ashirin da ɗaya a yi arba'in. Ina ganin ba a ƙirga daidai ba, ya kamata a sake daga farko.