Kufan da Ka Ce a Bar Maka

Limawa, Dutse
Tsakiyar bazara

Zuwa ga Ɗan'inna,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya aiki, yaya sanyin ƙasar nan taku, yaya Safina da yara? Mu nan lafiya lau, sai gwiwa, ita kuwa ta zama 'yar gida. Babarka tana gaishe ka. Ƙanwarka Zulfa ce ke rubuta wannan, za ta ɗauki hotonta ta tura maka, kuma na hana ta gyara min magana. Ba na son waya, don a waya "to Baba, to Baba" kawai kake yi har ta katse.

Maganar kufai ce. Tun Zulfa tana jaririya a goye, ka tsaya a gonarmu ta bayan dutse, ka nuna daga gindin kuka zuwa bakin kwari, ka ce garin mutanen da ne a ƙasa, kada garma ta ƙara shiga sai ka dawo ka haƙa. Na ce to. Yau 'ya'yan Zulfa suna sakandare, wurin yana nan yadda ka bar shi. Kuma ka sani sarai nan ne ya fi ko'ina ƙarfi a gonar. Kowace damina ina kallon ciyawa tana cin abin da gero ya kamata ya ci.

Kai dama haka ka taso. A aike ka kai abinci gona, ka dawo da aljihu cike da tsingaron tukwane, duk ka huda riguna, kakarka Inna tana tare maka faɗa. Da ka ce za ka karanci tonon ƙasa a Zariya, na ɗauka rijiya za ka riƙa yi wa mutane. Sai ga ka a Italiya, sai ƙasar Girka. Hoton nan da ka aiko kana tsaye kusa da mutum-mutumin dutse, ba hannu, ba riga, har yau yana ƙasan akwatin babarka a kife. Sani mahauci ya gan shi kafin a ɓoye, tun daga nan "uban mai gumaka" yake kirana a majalisa. Malam Habibullahi ne ya raba mu, ya ce duba abin da mutanen farko suka bari ba bauta ba ce, wa'azi ne. Da wannan nake rufe bakin kowa.

Yanzu an ce kai Farfesa Saifuddeen ne, ka rubuta littattafai a kan tukwanen Girkawa. Zulfa ta nuna min kai a wayarta kana jawabi, Turawa sun yi tsit. Ko kalma ban ji ba, amma na sa ta yi ta maimaitawa. Na ga ka sa hula, Allah ya yi maka albarka. To tukwanen kakanninka fa, laifin me suka yi?

Abin da ya sa na tayar da maganar, masu fasa dutse sun iso bayanmu, suna son hanyar motocinsu ta ratsa ta kufan. Baffanka Musaddiq yana da gado a gonar, shi da 'ya'yansa sun yarda. Ni kaɗai na ƙi. Aka kai ni gaban mai unguwa, ya tambaye ni hujjata. Na ce ɗana ne ya ce a bar masa. Dariya aka yi, har da yaran da na yanka wa ragon suna.

Ka faɗa min abin da zan ce musu. Ka gaida Safina, ka shafa min kan jikata Ummi.

Mahaifinka,
Ahmadu

Limawa, Dutse
Bayan ruwan fari

Zuwa ga Ɗan'inna,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya kai da iyalinka, kuma tarin da na ji a muryarka ya sauka. Mu nan mun samu ruwa, an fara shuka, alhamdu lillahi.

Saƙonka ya iso, Zulfa ta kunna min. Muryarka ta manyanta, har na ɗauka Musaddiq ne. Na ji inda ka ce, "Baba, wai har yanzu ba a noma wurin ba?" Na kuma ji shirun da ka yi bayan nan. Zulfa ta ce matsalar waya ce. Ni na haife ka, na san shirunka. Ka manta ne. Na tashi na je na ba tumaki dusa, alhali sun riga sun ci.

Ka ce za ka rubuta wa hukumar kayan tarihi, ka kuma turo wani ɗalibinka daga Zariya. Allah ya saka. Amma ni ban yi wa hukuma alkawari ba, ɗalibin nan kuma ban san ubansa ba.

Ga abin da ya faru. Ruwan nan ya zaftare bakin kwarin, sai ga bakunan tukwane a jere, da zane a wuyansu irin na tsingaron da kake kwasowa. Babarka ta so ta ciro ɗaya ta wanke ta ajiye maka. Na hana ta, don na tuna ka taɓa cewa abin da aka ɗaga daga inda yake kwance ya zama bebe, ba zai ƙara faɗin komai ba. Ta yi fushi, ta ce ni da ɗana duk kanmu ɗaya. Na mayar da ƙasa a hankali, na sa ƙaya na kewaye. Kullum da hantsi ake kai ni a babur, in zauna a gindin kukar ina korar awaki har la'asar. Direbobin masu fasa dutse in sun wuce sai su ɗaga hannu su ce sannu maigadi. Ina amsawa.

Mai unguwa ya ba ni wa'adi zuwa girbi. Daga nan za a raba gonar, kufan kuma a rabon Musaddiq zai faɗa, hanya ta wuce. Ƙarfin jayayya ya fara ƙare min, Ɗan'inna, ba zan ɓoye maka ba.

Ban san abin da ke cikin tukwanen nan ba, wataƙila ƙasa ce kawai. Ba shi ya dame ni ba. Turawa sun ga aikinka, Girkawa sun gani, ni da na bar maka gona ban taɓa ganin ka riƙe abin haƙa ba. Ina so in zauna a inuwa in ga yadda kake yi, in kira Sani mahauci shi ma ya zo ya gani.

Saboda haka ka ba ni amsa. Za ka zo, ko ba za ka zo ba? Kada ka turo min "in sha Allahu" irin ta sallamar baƙo. Ka faɗi wata, ka faɗi rana. In kuma ba za ka zo ba, ka faɗa da bakinka, in daina wahalar da gwiwata. Kowa a garin nan ya faɗi tasa a kan kufan nan, saura kai.

Babarka ta ce a gaishe ka, ta huce. Allah ya tsare, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Mahaifinka mai jiran amsa,
Ahmadu