Takardar Inna Hajara

Yaya Sani,

Gaisuwa mai yawa. Yaya iyali, yaya yara, yaya aikin Ikko? Mu nan Jibiya lafiya, sai dai hankalina bai kwanta ba.

Ran kasuwa ina bakin aiki, motocin siminti sun yi layi, sai ga Inna Hajara daga Maraɗi. Ka tuna tana goya ni ta ƙetaro, ban ma san akwai iyaka ba. Yau ni ke tsaron iyakar. Ogana na tsaye, na ce, "Inna, takardarki."

Ta ce, "Auta, ni?"

Ba ta da takardar shiga ƙasa. Na mayar da ita.

Sau uku na rubuta abin a littafina, ban ga inda na yi daidai ba. Jibi zan tafi Maraɗi. Gai da kowa, ka taya ni addu'a ta buɗe mini ƙofa.

Ƙaninka,
Isa