Ram Mai Fitila

Zuwa ga Maman Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ya jikin 'yarmu, ya kuma jaririn? Ina fata yana barinku ku runtsa. Ya kunnen naki? Tunda likita ya hana ki kara waya a kansa, ga ni na koma takarda da biro, direban motar kaya zai riƙa kai miki. Gidan nan ba daɗi da ba kya nan. Jiya da kaina na wanke rigata, ta fito ta fi yadda ta shiga datti.

Ga labarin shago. Kwamfutocin nan biyu na ɗakin sama, inda yaran ke haɗa bidiyo, sun tsufa har sai mutum ya danna abu ya je ya sha ruwa ya dawo kafin su amsa. Na kira Gajere mai kayan kwamfuta, ya ce ram za a canja musu. Kada ki ce mene ne ram. Wata 'yar sanda ce siririya, ba ta fi tsawon yatsa biyu ba, ana soka ta a cikin kwamfuta, ita ke riƙe aikin da mutum yake yi a hannu. Ya zo mini da iri biyu. Ɗaya kore ne fili, ba ado ba komai, amma kuɗinsa sai da na nemi kujera na zauna, kuma da garanti. Ɗayan mai araha ne, an sa masa riga mai walƙiya da 'yan fitilu masu canja launi. Gajere bai ɓoye mini ba, ya ce wannan ado ne kawai, in rubutu za a buga zai yi, amma in aka ɗora masa bidiyo mai nauyi zai riƙa sandarewa, wani lokaci ma ya lalata aiki ba a sani ba.

Yana faɗin haka wata dabara ta faɗo mini. Kin san shagon nan ba zai ci gaba da ciyar da samari biyu ba, kuma kin san wanda na haifa. Dogo ɗan ƙanwata ne, Allah ya ji ƙanta, na riƙe shi tun yana tatata, ai na yi abin da zan iya. Ke ce kika ɗaure ni da alkawarin ba zan sallame shi ba sai da laifi, shi kuwa ɗan banzan yaro ko makara ba ya yi. To, laifin zai zo da ƙafarsa. Na sa Gajere ya soka mai tsadar a kwamfutar Auta, mai arahar a ta Dogo.

Don wannan rana na daure na hau matakalar nan da gwiwata mai ciwo. Da ma kin ga fuskar Dogo lokacin da fitilun suka kama ta cikin gilashin jikin kwamfutar. Shi a zatonsa nasa ne mai tsadar. Ya durƙusa yana ta godiya, wai bai taɓa tsammanin zan fifita shi a kan Auta ba, har idonsa ya kawo ruwa. Na dafa kansa na ce ya ci gaba da ƙoƙari. Ina saukowa dariya ta kusa kayar da ni. Auta kuwa ya cika ya batse, ya ƙi cin abinci, ban kuma gaya masa gaskiya ba don kin san bakinsa ba ya riƙe magana.

Na san za ki ɓata rai, amma ki tuna don ɗanki nake yi. Ki shafa mini kan jaririn, ki gaida surukinmu.

Naki har kullum,
Baban Auta


Zuwa ga Maman Auta,

Ina gaishe ki, ina tambayar lafiyarki da ta mutanen gidan duka. Na ji jaririn ya fara murmushi, to ki gaya masa kakansa ya fi shi kyau. Takardarki ta iso. Na karanta faɗan da kika yi mini, na kuma karanta inda kika ce in sauya wa Dogo tun wuri. Kika ce shi ma ya rubuto miki yana ba ki labarin kyautar da Kawunsa ya yi masa, har kin kasa kai ƙarshen takardar. Ke dai zuciyarki kamar auduga take, shi ya sa kowa ke kwana a kanta.

Abin da ke ba ni haushi shi ne har yanzu tarkon bai kama komai ba. Na tara wa Dogo ƙananan ayyuka masu nauyi, ina zaune a bakin kantar shago ina jiran mai aiki ya dawo da zagi, amma kowane aiki sai ya sauko fes. Sau ɗaya ne ya zo ya tsaya a gabana yana murza hannu, ya ce yana son yi mini magana game da ram ɗin nan. Na san ƙorafi ya kawo, watakila ya fara ganin halinsa. Ban bar shi ya kai ƙarshe ba. Na ce masa in dai maganar kwamfuta ce ba na son ji, wanda aka yi wa alheri ba ya dawowa da ƙorafi, in kuma ya raina ne ƙofa a buɗe take. Ya sunkuyar da kai ya koma sama, tun daga ranar bai sake tayar da zancen ba.

Abin farin ciki kuma, shugabar makarantar koyon jinya ta ba mu aikin fim ɗin yaye ɗalibansu, wanda za a haska a babban allo gaban iyaye. Ta ce in ya yi kyau, duk aikin makarantar namu ne. Auta na miƙa wa, tunda kayan kirki a hannunsa suke, kuma ina so matar ta san sunansa. Yana ta mita wai kwamfutarsa tana tsayawa, allon ya yi shuɗi. Na san halin ɗanki, wasannin da yake lodawa ne da zafin ɗakin, don haka na saya masa fanka. Gajere ya tafi saro kaya, in ya dawo zai duba. Ni dai ba zan sake hawa matakalar nan ba, gwiwar ta ƙi lafawa.

Ki daina sa damuwar yaron nan a ranki, ki kula da kunnenki. Ina kewar ki ƙwarai, musamman da yamma in na rufe shago.

Mijinki,
Baban Auta


Zuwa ga Maman Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya jiki, ya 'yarmu da jaririn? Ni kam ba zan ce lafiya lau ba, amma da sauƙi.

Shugabar ta zo ganin fim ɗin ana saura kwana kaɗan taron. Aka kunna mata a nan ƙasa. Ana cikin tafiya sai fuskokin ɗalibai suka farfashe, baki a nan ido a can, murya ta riƙa maimaita kalma ɗaya, daga nan komai ya tsaya cak. Matar ta cire tabarau ta dube ni, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Aka yi sa'a Gajere ya dawo, na aika aka kira shi, muka hau sama dukanmu har da ita.

Ina shiga ɗakin na ga fitilu suna ta rawa a ƙarƙashin teburin Auta. Ashe tun washegarin ranar da aka saka su ɗanki ya samo sukundireba, ya zare na Dogo ya soka a tasa, ya jefa masa koren. Abin da Dogo ya zo gaya mini ke nan na kore shi. Na ja Auta gefe, sai ya ce mini ai tun suna yara ni nake cewa in ya ga abu a hannun Dogo yana so ya ɗauka, me ya canja yanzu? Kin ji fa, ko kunya babu.

Shugabar tana tsaye tana jiran a nuna mata mai laifi, ni kuwa ba zan nuna mata ɗana ba. Na juya kan Dogo na ce shi ɓarawo ne, ya sace mai tsadar da na saya wa Auta ya sa masa jabu don baƙin ciki. Na zaci zai musanta, har na shirya abin da zan mayar masa. Bai musanta ba. Ya dubi fitilun, ya dube ni, ya ce, “Kawu, ashe wanda ka ba ni shi ne marar kyan?”

Na kau da kai, don ba a gaban baƙi ake irin wannan magana ba. Gajere ya sunkuyar da kai yana ta tattara kayan aikinsa kamar ba shi ya sayar mini ba.

Allah ya taimake mu hotunan asali suna nan a katin kyamara. Na ce wa Dogo tunda shi ya ɓata shi zai gyara. Ya zauna ya haɗa fim ɗin daga farko, abincin da aka kai masa ma a nan ya huce. Aikin ya yi kyau, ba zan hana shi wannan ba. An haska, iyaye sun yi ta tafi, shugabar ta sa hannu a kwangilar, sunan Auta kuma shi ne a ƙarshen fim ɗin. Sai da na tabbata komai ya kammala sannan na sallame shi. Kada ki ce na karya alkawari, an kira shi ɓarawo a gaban shaidu.

Da ya zo tafiya ya ajiye makullin sama a kan kantar shago, ya roƙe ni abu ɗaya. Wai in ba shi ram ɗin mai fitila ya tafi da shi, ko ba ya aiki, don shi kaɗai ne abin da na taɓa ba shi ina dafa kansa. Na hana shi. Gajere ya riga ya ce zai karɓa a rabin kuɗi.

Direba ya dawo mini hannu wofi har sau biyu, ya ce kin karɓi saƙona kin ce ba amsa. Ya kuma ce ya ga wani dogon saurayi a tsakar gidan yana goye da jaririn a kafaɗa, kina zuba masa abinci. In shi ne, ki gaya masa na yafe masa. Ke kuma ki sanar da ni ranar dawowarki, don Auta ya kasa fitar da aikin makarantar na farko, gwiwata kuma ba ta barina in hau in ga abin da yake yi.

Mai jiran amsarki,
Baban Auta