Fuskata ta Japanawa ce, amma ba na iya karanta rubutunsu

Malama Fumie,

Don Allah ki ba ni shawara, na rasa wanda zan faɗa wa. Shekarata hamsin da uku. A Brazil aka haife ni, kakana mutumin Kumamoto ne a Japan. Na yi shekara ashirin da shida ina walda a wata masana'antar kayan mota a nan Hamamatsu ta Japan, ba wanda ya taɓa tambayata takarda. A watan Maris za a rufe sashenmu. Wuri huɗu na nemi aiki, kowa ya ce sai da shaidar jarrabawar Japananci, matakin N2.

Magana ba ta gagare ni ba, har zolaya nake yi da abokan aiki. Karatun ne matsalar. In aka miƙo min fom, sai a dubi fuskata a ɗauka ɗan gida ne, ni kuwa in ce na manta tabarau. Wasiƙar nan ma da baki na faɗa, waya ta rubuta.

A Disamba na zauna jarrabawar a ɓoye, na faɗi. 'Yata Mirei, ma'aikaciyar jinya, ta ga takardar sakamakon, ta ce za ta riƙa koya min duk Lahadi. Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba, na ce ni na koya mata riƙe cokali. Yau mako uku ba ta zo cin shinkafa da wake ba. Matata Neusa ta ce mu koma Brazil kawai. Can ɗin ma wa ya san ni yanzu?

Mai walda, Hamamatsu

Mai walda,

Ka fara da Mirei, yau ba gobe ba. Ka kira ta ka ce kunya ce ta sa ka, ba laifinta ba ne. Ba dole ka zama ɗalibinta ba. Ba kowane uba ke jure gyara daga bakin 'yarsa ba. Nemi ajin manya na 'yan sa-kai a unguwarku, inda za ka tarar da sa'anninka.

Masu neman takardar ba mugunta suke yi ba. Wanda ke aiki da wuta ya kamata ya iya karanta gargaɗi. Sai dai ka yi wa kanka tsalle da yawa. Ka nemi N3, matakin da ya fi N2 sauƙi, a watan Yuli tukuna. A ofishin neman aiki kuma ka faɗi gaskiya: kana ji, kana magana, karatu ne da saura. Ka roƙi a haɗa ka da ƙananan masana'antu masu gwada hannu kafin takarda. Zancen tabarau ya isa haka.

Neusa ma tana da hujja, wataƙila kewar gida ke damunta. Ku zauna ku yi maganar sosai, amma kada ka yanke shawarar tafiya a watan da ka faɗi jarrabawa.

Ina maka fatan aiki mai albarka, da zaman lafiya a gidanka.

Fumie